Alphadi: Mai tsara suturar da ya kai walima cikin hamada, da tambayar da aikinsa ke yi wa Gwandu

A watan Nuwamban 1998, aka kafa dandamali a gindin duwatsun Tigidit, cikin hamadar da ke kusa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, aka haska fitilu, aka kafa tantuna domin baƙin da suka zo daga ƙasashen Afirka da Turai. A daren nan kayan manyan gidajen ɗinki na duniya, irin su Yves Saint Laurent da Kenzo da Christian Lacroix, suka bi layi ɗaya da kayan maɗinkan Afirka, a yankin da 'yan shekaru kaɗan kafin nan babu abin da ake ji sai ƙarar bindiga. Mutumin da ya shirya taron shi ne Seidnaly Sidhamed, wanda duniya ta fi sani da Alphadi, taron kuma shi ne bikin nunin suturar Afirka na ƙasa da ƙasa da ake kira FIMA.

Labarinsa ya shafi mutanen ƙasar Kabi ta fuska biyu. Jihar Kebbi na iyaka da Nijar, kuma kasuwa da aure da harshe sun ɗinke ɓangarorin tun kafin Turawa su shata layi. Sannan kayan da ya gina sunansa a kansu, wato fata da shuni da saƙa da ɗinkin hannu, su ne kayan da daular Gwandu ta taɓa yin tinƙaho da su, kuma a kan irinsu ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa mutanen zamaninsa faɗa.

Wane ne Alphadi?

An haife shi a shekarar 1957 a Tumbuktu ta ƙasar Mali, cikin gidan 'yan kasuwa, ya kuma tashi a Nijar. Karatun da ya je yi birnin Paris na harkar yawon buɗe ido ne, sai dai a can ya riƙa ɗaukar darasin tsara sutura a makarantar Chardon Savard. Da ya dawo gida ya yi aiki a ma'aikatar yawon buɗe ido ta Nijar, daga bisani ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi allura da almakashi. A 1985 ya nuna jerin tufafinsa na farko a wani baje kolin yawon buɗe ido a Paris. A 1994 ya zama shugaban ƙungiyar masu tsara sutura na Afirka. A 1998 gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ta ba shi babbar kyautarta tare da Oumou Sy ta Senegal da Tetteh Adzedu na Ghana. A watan Janairun 2016 kuma hukumar UNESCO ta naɗa shi mai fasaha jakadan zaman lafiya. Jaridun Faransanci kan yi masa laƙabi da mai dabon hamada.

Karatunsa na farko ya bar alama a duk abin da ya yi daga baya. Mutumin da ya koyi yadda ake jawo baƙo zuwa ƙasa, da yadda ake sa shi ya kashe kuɗi a cikinta, yana kallon riga a matsayin haja, yana kallon biki a matsayin kasuwa. A kan haka ya daɗe yana jayayya da gwamnatocin Afirka cewa ɗinki masana'anta ce mai ɗaukar ma'aikata, wadda ta cancanci jari da makaranta kamar noma da haƙar ma'adinai.

Kayan alatun da ya fi ƙauna

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa na Paris shi ne inda yake samo tsadarsa. Ya ɗauki zane da launi daga Abzinawa da Zabarmawa da Songhai da Hausawa da Fulanin Bororo, ya zuba su cikin yanka irin na zamani. Abubuwa biyar ne suka fi fitowa a aikinsa.

Na farko azurfa. Maƙeran Abzin sun shahara da ƙera sarƙa da zobe da awarwaro, musamman abin wuyan nan da Turawa ke kira gicciyen Agadas. Ana fara siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, a ƙarshe a zauna da ƙaramin ƙarfe ana zana masa ado. Tun da sai an fasa yumɓun kafin a fitar da abin, babu guda biyu da suke zama iri ɗaya sak. Alphadi ya sa wannan ado a wuyan masu nuna kayansa, ya kuma kwaikwayi siffarsa a jikin tufafin.

Na biyu fata. Jar akuyar da ake kira ta Sakkwato a Najeriya, ake kuma kira ta Maraɗi a Nijar, tana ba da fata mai laushi da ƙarfi wadda ba ta da na biyu a Afirka ta Yamma. Ƙarnuka da dama majeman ƙasar Hausa na jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake su ƙetara da ita hamada zuwa Arewacin Afirka, inda Turawa suka riƙa saya suna kiran ta fatar Maroko. Sunan masu ita ya ɓace a hanya, riba ta tsaya a hannun wanda ya sayar a ƙarshe.

Na uku shuni. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Abzinawa ke naɗawa, wanda ke barin shuɗi a fatar mai shi, asalinsa aikin ƙasar Kano ne. A garin Kura da kewaye ake saƙa sirara-siraran ƙyallaye, a haɗe su, a tsoma su a karofi sau da yawa, sannan mabuga su buge su da garin shuni har su yi walƙiya. Shi ya sa ake ce masa ɗan Kura. Duk wanda ya ga hoton Ba'abzine cikin rawaninsa a kan dandamalin FIMA, gumin marinin Kano yake kallo.

Na huɗu saƙar hannu da ɗinkin hannu: bargunan Zabarmawa da Songhai masu zane-zane, da irin aikin allurar da ake yi wa wuyan babbar riga da aljihunta. Na biyar turare. Ya fitar da turaren kansa, ya sa masa suna L'Aïr d'Alphadi, sunan da ke nuni ga tsaunukan Abzin. Ya kuma buɗe layin kayan yau da kullum mai suna Alphadi Bis, da wandunan jins, domin masu ƙaramin ƙarfi.

Duk waɗannan kaya abu ɗaya ne ke ba su daraja, shi ne yawan kwanakin da hannun ɗan Adam ya yi a kansu. Riga mai cikakken aiki kan ci watanni a hannun mai ɗinki. A nan ne hujjarsa take: idan tsadar kaya daga aikin hannu ta fito, to ya kamata wani kaso na kuɗin ya koma wa mai hannun.

Yadda yake karɓar baƙi

Salon walimarsa ya tsaya a kan zaɓen wuri. Maimakon ɗakin taro na otal, yakan nemi wurin da shi kansa abin kallo ne, ya kai baƙin can. Bayan Tigidit, an yi bikin 2000 a Yamai, na 2003 a Bubon da ke gaɓar kogin Kwara, na 2005 a tuddan rairayin Karey Gorou kusa da babban birnin. A 2016 ya mayar da shi Agadas, garin da UNESCO ta sa tsohon birninsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, mai masallacin ƙasa da hasumiyarsa ta kai mita 27.

Abu na biyu shi ne cakuɗa baƙi. Yakan zaunar da shugabannin ƙasa da matansu da jakadu da 'yan kasuwa wuri guda da maɗinka da makaɗa, ya sa sanannen gidan ɗinki na Turai ya fito a dare ɗaya da matashin da bai taɓa fita ƙasarsu ba. Manyan masu tsara sutura na Afirka, irin su Pathé'O wanda ya yi suna da rigunan Nelson Mandela, sun nuna kayansu a wannan dandali. Abu na uku shi ne kasuwa a gefen biki: rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa, da gasar matasan maɗinka da ta masu nuna sutura. Taken da ya ɗora wa bikin tun farko shi ne al'ada da zaman lafiya da ci gaba.

Zaɓen Tigidit ma saƙon siyasa ne. Tawayen Abzinawa ya ɗaiɗaita arewacin Nijar a farkon shekarun 1990, aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995. Gwamnatin Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya hau mulki ta juyin mulki a Janairun 1996, tana buƙatar nuna wa duniya cewa arewa ta lafa, masu yawon buɗe ido za su iya dawowa. Ta mara wa bikin baya. Watanni biyar bayan haka, ranar 9 ga Afrilun 1999, dogaransa suka harbe shi a Yamai.

Tarzomar shekarar 2000

Biki na biyu ya zo a lokacin da iskar shari'ar Musulunci ke kaɗawa daga kudancin iyaka. Zamfara ta fara aiwatar da ita a Janairun 2000, jihohi da dama, har da Kebbi da Sakkwato da Kano da Katsina, suka bi sahu. A Nijar, wasu ƙungiyoyin addini suka ce bikin da mata ke tafiya a kan dandamali cikin tufafin da ke bayyana jiki ya saɓa wa tarbiyyar ƙasar da kusan duk mutanenta Musulmi ne. A watan Nuwamba aka yi zanga-zanga a Yamai, jami'an tsaro suka tarwatsa ta. A Maraɗi abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka kai hari kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista. Gwamnatin Mamadou Tandja ta kama mutane da yawa, ta kuma haramta wasu daga cikin ƙungiyoyin. An yi bikin duk da haka.

Abin lura shi ne waɗanda suka ɗanɗana kuɗar rikicin. Manyan baƙi sun kalli nuninsu cikin tsaro, sun hau jirgi sun koma. Matan Maraɗi marasa galihu, waɗanda ba su taɓa taka dandamalin ba, su aka ƙona wa ɗakuna.

Wa ke biya, wa ke amfana?

Baya ga sukar malamai, akwai sukar tattalin arziki. An yi bikin farko ne a zamanin da ma'aikatan gwamnatin Nijar ke bin bashin albashi na watanni, a ƙasar da ta daɗe tana ƙarshe ko kusa da ƙarshe a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Biki irin wannan ba ya tsayawa da kuɗin tikiti. Yana dogara ne ga gwamnatoci da kamfanoni da hukumomin ƙasashen waje, kuma mai biyan makaɗi shi ke zaɓar kiɗa. An ga haka a 2018, lokacin da aka kai bikin Dakhla, garin da ke yankin Yammacin Sahara wanda Maroko ke riƙe da shi, ƙungiyar Polisario kuma ke neman 'yancinsa. A watan Yulin 2019 aka dawo da shi Yamai daidai da taron ƙolin Tarayyar Afirka, inda Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar. A 2022 aka yi shi a Rabat.

Tsaro ma ya yi ta yi wa shirin ƙafar ungulu. Tawaye ya sake ɓarkewa a arewacin Nijar daga 2007 zuwa 2009. A Satumban 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit, a Mayun 2013 aka kai harin bam a Agadas da Arlit. Masu yawon buɗe ido suka ƙaurace wa yankin, maƙera da dukawan da ke jiran su suka rasa kasuwa. Bikin da aka shirya yi a Nuwamban 2015 sai da aka ɗage shi saboda fargabar hari. Makarantar koyon tsara sutura da ya daɗe yana fafutukar kafawa a Yamai ita ce amsarsa ga wannan rauni, domin biki na kwana huɗu ne, sana'a kuwa ta shekara ce.

Abin da ya haɗa labarin da Gwandu

A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu a zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. A Gwandu ne ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan, tarihin Songhai da Tumbuktu, ya kwafi sassansa ya aika Turai. Wato tarihin mahaifar Alphadi yana ajiye a hannun malaman Gwandu shekaru fiye da ɗari kafin a haife shi. Barth ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na isa har kasuwannin Tumbuktu.

A wancan ƙarni, Gwandu ce ke kula da ɓangaren yammacin daular Usmaniyya, kuma a ƙarƙashinta Nupe da Ilori suke, garuruwan da suka fi ko'ina shahara da saƙa da ɗinkin manyan riguna. Akwai saƙi mai ɗigo-ɗigon zabuwa, da tsamiya wadda ake samu daga zaren wata tsutsa, da barage mai jan alharinin da ake kawowa ta hamada. A kan rigar, malami ne kan zana siffar aikin, aska biyu ko aska takwas da tambari, sannan masu allura su bi zanen. Riga ɗaya kan ratsa hannun manomin auduga da mace mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da mai zane da mai ɗinki. Sarakuna na ba da ita a matsayin tukwici da alamar naɗi, ana kuma aika ta cikin gaisuwar da ƙananan masarautu ke kai wa manya. Masaniyar tarihi Colleen Kriger ta yi bincike mai zurfi a kan waɗannan riguna. Sai dai tarihin yana da duhunsa, domin gandayen auduga da baba da yawa bayi ne suka noma su.

Wanda ya kafa gidan sarautar Gwandu kuwa shi ne ya fi kowa tsoron abin da wannan ado zai yi wa shugabanni. Jihadi na tsaka da gudana, Malam Abdullahi ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ya ga da yawa daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da tara dukiya da dawakai da tufafin ƙawa. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam kan yadda ya kamata a yi mulki, kafin ya koma. Ya bayyana wannan damuwa a Tazyinul Waraƙat. Abin da ya dame shi shi ne shugaban da ado ya shagaltar da shi daga amanar da ke wuyansa.

Ina kuɗin kwalliyar yau ke tafiya?

Ba a daina ado a ƙasar Kabi ba, kuma bukukuwan manya a Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano da Abuja sun fi na dā tsada. Abin da ya canja shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Shaddar da ta fi daraja ta kamfanin Getzner ce, daga Ostiriya. Leshi mai tsada daga Ostiriya da Suwizalan yake zuwa, babbar atamfa daga kamfanin Vlisco na Holan, mai araha kuma daga Sin, ana sauke su a Kantin Kwari. Masaƙun Kaduna, waɗanda suka faro da kamfanin KTL a 1957 suka ɗauki dubban ma'aikata, yawancinsu sun rufe. Aikin wuyan riga da ake yi da allura yanzu keke ne ko injin kwamfuta ke yin mafi yawansa. Jar fatar akuya har yau ana fitar da ita Turai bayan an jeme ta a Kano, ta dawo a matsayin jaka da takalmi masu sunan wasu.

Wannan na faruwa ne a ƙasar da hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na jama'a, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, mafi yawansu kuma a Arewa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙi da tattaka naira a wurin biki, ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, amma dokar takardar kuɗin take karewa, ba ta tambayar inda mai liƙin ya samo su. Cinikin kan iyaka, wanda ƙananan masu sana'a a Kamba da Gaya ke rayuwa da shi, ya sha rufewa: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023.

Kebbi tana da nata dandalin da ya girmi FIMA nesa ba kusa ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin domin tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Shi ma biki ne da aka gina a kan zaman lafiya, shi ma ya yi shekara kusan goma a tsaye kafin a farfaɗo da shi a Maris na 2020, shi ma da kuɗin gwamnati yake tafiya.

Saboda haka tambayoyin da aka yi wa Alphadi sun dace da kowane biki da ake yi da dukiyar jama'a ko ta masu riƙe da muƙamin jama'a. Nawa aka kashe, kuma daga wane asusu? Kaso nawa ya shiga hannun masaƙi da baduku da maɗinkin gida, kaso nawa ya tafi wajen mai shigo da kaya? Me ya rage a ƙasa bayan an naɗe tantuna: makaranta, ko kasuwa, ko bashi? Kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi takardu ne na jama'a, kuma matashin Wurogauri ko Kalgo ko Gwandu yana da haƙƙin neman ganinsu. Alphadi, duk da abin da ake iya faɗa a kan masu ɗaukar nauyinsa, ya tsayar da maƙeri da baduku a gaban baƙinsa, ya ce ga masu aikin. Bukukuwan manyan Arewa kaɗan ne za su iya nuna nasu.